Kawu Mai Azurfar Rasha

Ranar da aka zauna makokin Kawu a gidansa na Al Wakrah, kusa da Doha, Fasto ya miƙe zai yi magana, ya buɗe baki, ya rufe, ya gyara tsayuwa. Can ya ce, "Ɗan'uwanmu mutum ne mai ƙarfi." Wata daga cikin zumuntar mata ta amsa da "Ƙwarai kuwa," da wata irin murya, har wasu suka sunkuyar da kai. Ban ga laifin kowa ba. A cikin waɗanda suka cika falon nan da wuya a sami wanda Kawu bai taɓa daka wa tsawa ba, akwai kuma waɗanda suka ɗanɗani hannunsa. Wani ɗan Jos da suke aikin gyaran injinan asibiti tare ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Sista, Allah ya jiƙansa. Ya taɓa shaƙe ni a jikin bango don na mayar da inji ɗakin marasa lafiya ban gwada shi ba. Sai da na ga duhu." Yana faɗa yana share ido.

Wanda ya fi kowa kuka ba ɗan cocinmu ba ne. Wani Alhaji ne mutumin Zangon Kumasi, mai tsaron shagon tsofaffin kaya a kasuwar Souq Waqif. Ya zauna a ƙasa kusa da takalma, carbi a hannu, yana kuka kamar ƙaramin yaro, an yi an yi ya hau kujera ya ƙi. Shi kuwa ɗan Kawu, taubashina, wanda ya sauka daga jirgi da safiyar ranar, ko falon bai shiga ba. Ya tsaya a baranda yana kallon jiragen masunta, hannunsa na dama a cikin aljihu. Duk wanda ya fita yi masa gaisuwa sai ya miƙa masa hagu.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce, aikin jinya nake yi, shi ne kuma ya nema mini hanyar zuwa Doha. Na zauna rubuta wannan ne don na ji yadda labarinsa ya fara rabuwa gida biyu tun kafin a binne shi. Wasu na cewa mugu ne, wasu na cewa gwarzo ne. Jikarsa za ta girma ta ji ɗaya daga ciki. Ina so ta sami abin da ya fi wannan yawa.

Mu mutanen Wusasa ne ta Zariya. Kawu yana saurayi gwamnati ta tura shi Rasha karatun injinan asibiti, ya daɗe a can har ƙasar ta wargaje yana cikinta. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin abin da ya same shi, wata rana ina duba masa kunnen hagu da ba ya ji da shi. Ya ce yana jiran jirgin ƙasa ne da rana tsaka, tasha cike da mutane, wasu samari masu askin kwal-kwabo suka kewaye shi. Ɗaya ya kira shi biri. Bai ma juya ba aka sauke masa ƙarfe a ƙeya. Ya faɗi, suka bi shi da takalma masu ƙarfe a baki, suna tattaka masa fuska har muƙamuƙinsa ya karye, haƙora suka zube a ƙasa. Ya ce abin da bai manta ba shi ne ƙafafun mutane suna wucewa ta gefensa, kowa na sauri kada jirgi ya bar shi.

A asibiti aka ɗaure masa baki da waya, sai ta tsinken roba yake shan abinci. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho malamin tarihi, wanda ya sami mai sauraron da ba zai iya katse shi ba, ya yi ta zuba masa labarin sarakunan ƙasarsu. Ranar da za a sallami tsohon, ya ciro wani abu ƙarami daga cikin kwalin ashana ya sa wa Kawu a tafin hannu. Ya ce ba shi da bakin ba shi haƙuri a madadin mutanensa, sai dai wannan. Tsohon kuɗin azurfa ne, bai fi ƙwayar kankana girma ba. Daga nan Kawu ya kamu da tara su. Daga nan kuma, in ji mahaifiyata, ya dawo gida da zuciyar da kowa ke tsoro.

Ranar Juma'a ce ranar hutu a nan. In mun taso daga coci sai in bi shi gida in yi masa miyar kuka, shi kuma ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ya jawo fitila, ya fito da akwatin. 'Yan mitsi-mitsi ne, ba ɗaya da ya yi zagaye sosai, wani kamar ɗigon hawaye, wani kamar farcen jariri. Ya ce su Rashawa ɓawon kifi suke ce musu. Ba zuba su ake yi ba. Wayar azurfa ake ja, a gutsuttsura ta, a daddale kowane gutsure, a sa shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, a sauke masa guduma. Yana bayani yana dukan tebur da dunƙulallen hannu har cokula su yi tsalle.

"Zo ki gani, ɗiyata. Me ke hannun mahayin nan?"

Sai in karɓi gilashin ƙara girma in duba. "Sanda ce, Kawu."

"Sanda a gidanku. Mashi ne. Mai mashi shi ne kofek. In takobi ya ɗaga, denga ce, rabin wancan. In kin ga tsuntsu, ita ce 'yar autarsu. Yanzu duba ƙarƙashin doki."

A ƙarƙashin cikin dokin akwai haruffa ƙanana, su ke nuna garin da aka buga kuɗin. A bayansa kuma sunan sarki ne, amma da yake azurfar ba ta kai hatimin faɗi ba, ba a taɓa samun sunan cikakke, sai farkonsa ko tsakiyarsa. Kawu yakan yi wuni yana jera guda biyu ko uku yana haɗa guntayen haruffa har ya gane na wane zamani ne. A lokacin nan kaɗai na san shi da haƙuri. Hannun nan da ke karya ƙofa sai ya riƙe tsinken sakace yana cire ƙasa daga tsakanin ƙafafun doki, numfashinsa ma a hankali. Maganarsa kullum ita ce, "Kar ki goge. Dattin nan ya girmi kakan kakanki." In an kawo masa na jabu kuwa, sai ya juya shi ya nuna maka layin da ke gefensa, alamar zuba shi aka yi, sannan ya ba ka labarin yadda sarakunan can ke narka ƙarfe su ɗura wa mai buga jabu a maƙogwaro. Yana faɗa yana murmushi. Ni kam sai in tashi in duba tukunya.

Akwai waɗansu da suka fi sauran tsufa, na zamanin da Rashawa ke ƙarƙashin sarakunan Tatar Musulmi. A bayansu akwai rubutu mai kama da Larabci, amma maƙeran da ba su iya Larabci ba ne suka kwaikwaya, ba ya karantuwa. Da ɗaya daga cikinsu Kawu ke gwada 'yan kasuwa. Sai ya miƙa wa mai shago ya ce a karanta masa. Duk wanda ya gyara murya ya fara karanto sunan wani halifa, Kawu zai fizge abinsa ya ce masa maƙaryaci a gaban jama'a. Da ya miƙa wa Alhaji, sai Alhaji ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Injiniya, ni dai na yi allo a Kumasi, amma wannan ban iya shi ba. Kamar kaza ce ta bi ta kai." Kawu ya yi dariya har ya dafa kanta. Abotarsu ke nan. Faɗa suke yi kullum a kan ƙwallo da addini da ko shinkafar wace ƙasa ta fi daɗi, amma Alhaji bai taɓa sayen tsohon kuɗi ba sai ya aika Kawu ya zo ya gani.

Da korona ta shigo, taubashina yana aikin wutar lantarki a ɗaya daga cikin filayen wasan da ake ginawa, yana kwana a masaukin ma'aikata. Da Kawu ya ji cutar ta shiga masaukin, ya je da mota ya kwaso shi da kayansa, ko shawararsa bai nema ba. Suka zauna su biyu a gida ɗaya cikin kulle, mutanen da tun asali ba sa iya haɗa hira. A cikin wannan zaman matar taubashina ta haihu a Kaduna, 'ya mace. Babu jirgi, babu zuwa suna. Ya rasa abin da zai yi da kansa. Yana so ya tanadar wa yarinyar wani abu daga hannunsa, sai ya tuna azurfar babansa. Bai taɓa na cikin akwatin ba. Ya ga wani guda ɗaya a ware cikin tsohon kwalin ashana, duk ya siɗe, dokin ma da ƙyar ake ganinsa. Ya ɗauka wanda aka yar ne, bai san shi ne wanda tsohon nan na asibiti ya ba Kawu ba. Ya sa siririn bakin injin huda ya yi masa ƙofa don a zura sarƙa.

Da la'asar ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye, ya ce in zo da bandeji. Na tarar da jini a kan tayil tun daga bakin kicin. Yana zaune a ƙasa ya rungume hannunsa na dama, yatsu biyu sun juya inda yatsa ba ya juyawa, ƙashi ya leƙo ta fata. Kawu yana tsaye a tsakiyar falo, babbar sifanar da yake aiki da ita tana hannunsa har lokacin. Daga baya na ji yadda aka yi. Taubashina da kansa ya kai masa abin yana murna, ya ce, "Baba, ga na jikarka." Kawu ya duba, ya damƙe wuyan hannunsa ya danne a kan tebur, ya ɗauki sifanar ya sauke. Ya sake saukewa.

Na ce, "Kawu, ajiye ƙarfen nan."

Ya ce, "Ya huda shi."

"Na gani. Ajiye. Ɗanka ne ka fasa wa hannu, da shi yake ci da iyalinsa."

Ya kalle ni kamar da wani yare na yi magana. Na yi zaton ni ma zai kai mini, don na ga kafaɗarsa ta motsa. Sai sifanar ta zame ta faɗi ta fasa tayil.

A asibiti likita ya tambayi yadda aka yi. Da taubashina ya faɗi gaskiya, da 'yan sanda sun shigo, da an ɗaure Kawu sannan a kore shi daga ƙasar. Ya dubi likitan ya ce murfin mota ne ya faɗo masa. An yi aiki, amma yatsun nan biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Mai aikin lantarki da ba ya iya riƙe filaya ba shi da amfani a wurin kamfani. Da aka buɗe hanya ya koma gida, bai yi wa babansa sallama ba.

Kawu bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, bai iya ba. Amma da na koma gidan na tarar da hannunsa na dama ya kumbura suntum, gaɓoɓin duk sun fashe, ga jini a bangon ɗakin kwana daidai tsayin kafaɗarsa, wuri ɗaya, an yi ta maimaitawa har fenti ya ɓare. Na tambaye shi, ya ce in ɗaure masa in bar surutu. Tun daga nan kowace Juma'a sai ya kira lambar ɗansa, ya sa wayar a kunnen dama, ta yi ta ringi har ta katse, sannan ya jawo akwatinsa.

A cikin watannin nan ne kuma ya yi ta kwana a asibiti, yana farke injinan numfashi da suka lalace yana haɗa biyu su zama ɗaya, da hannu a bandeji. A cikin su ne Alhaji ya kamu da korona. Abokan ɗakinsa suka tsorata suka watse, mai gadin ginin ya kulle ƙofar ta waje, ya ce sai motar asibiti ta zo. Alhaji ya samu ya kira Kawu, ba ya iya haɗa kalma biyu. Kawu ya iso da takunkumi a fuska, ya ce a buɗe. Mai gadi ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ba mai shiga. Kawu ya ɗaga shi ta kwalar riga ya jefar a kan matakala, ya ja baya ya daki ƙofar da kafaɗa har ta fita daga maƙalinta. Ya goya Alhaji, mutumin da ya fi shi jiki, ya sauko da shi daga bene, Alhaji yana tari a bayan wuyansa. Da Alhaji ya warke yakan ce mini, da Hausarsu ta Zango da ba ta raba mace da namiji, "Kai Nas, kawunka mahaukaci ne. Amma ba don haukansa ba da yanzu ina ƙasa."

Sai gasar cin kofin duniya ta zo, Doha ta cika har ta batse. Souq Waqif ba wurin sa ƙafa, ko'ina tutoci da ganguna da mutane masu fenti a fuska. Kawu ba ya son cunkoso, amma yana zuwa taya Alhaji zama. Abin da ya faru a shagon, daga bakin Alhaji na ji shi.

Wasu baƙi biyu, ƙattai, suka shigo suna duba kaya suna magana da Rashanci. Alhaji ya ce bai taɓa ganin fuskar Kawu ta yi haske haka ba. Ya yi shekaru bai sami wanda zai yi yaren da shi ba. Ya miƙe ya gaishe su da harshensu, ya ciro wani kofek daga aljihun gaba, mai kyau, mashin ya fito sarai, ya ɗora a tafin hannu yana nuna musu haruffan ƙarƙashin doki. Ɗayan ya saurara. Ɗayan kuwa ya yi dariya, ya ce wa abokinsa wata magana, ya sa yatsa ya ɗalle kuɗin daga hannun Kawu ya faɗi ƙasa. Daga baya Kawu ya fassara wa Alhaji maganar: wai dubi biri da kuɗin kakanninmu.

Kawu ya durƙusa a hankali ya lalubo kuɗin a tsakanin ƙafafu. Ya jefa shi a baki ya tura cikin kunci, yadda ya ce talakawan Rasha na da ke yi a kasuwa don kada ya ɓace musu. Sannan ya miƙe ya sa wa mutumin goshi a hanci. Alhaji ya ce ya ji ƙarar karyewar daga bayan kanta. Mutumin ya faɗa cikin fitilu da faranti, Kawu ya bi shi ya hau ƙirjinsa yana duka, yana faɗin wasu maganganu da Rashanci, jini na fallatsa a kan carbunan da aka rataye. Abokin ya ja shi ya kasa. Sai ya ɗauki wata babbar butar gahawa ta tagulla daga kan kanta ya sauke wa Kawu a gefen kai. Kawu ya tsaya cak, ya zauna a ƙasa, ya tofo kuɗin a hannu ya duba ko ya lanƙwashe.

An je wurin 'yan sanda. Kowane ɓangare da rauninsa, baƙin kuma jirginsu na jiransu, aka yi sulhu aka rabu. Na same shi a gida da ƙullutu a saman kunne. Na ce ya tashi mu je a ɗauki hoton kansa. Ya ce an taɓa yi masa wanda ya fi wannan. Na kai hannu zan haska masa ido, ya doke hannun har tocilan ta faɗi. Na roƙe shi, na yi fushi, na haɗa shi da Fasto, na haɗa shi da mahaifiyata a waya. Ya ce mu ƙyale shi, ciwon kai ne kawai. Abin da ya dame shi daban ne. Ya ce mini, "Ɗayan fa yana saurare. Ya tambaye ni wane gari aka buga shi. Ban kai ga gaya masa ba."

Bayan 'yan kwanaki bai je aiki ba, abin da bai taɓa yi ba. Ɗan Jos ɗin nan ne ya je ya tarar da shi kife a kan tebur, fitila a kunne da rana, gilashin yana hannunsa. Jini ne ya taru a cikin kansa. An yi masa aiki, aka sa shi a injin numfashi, bai farfaɗo ba. Da likitoci suka ce a sanar da dangi, na kira taubashina, na ce in yana da magana yanzu ne. Na kara wayar a kunnen Kawu na dama. Ina jin kukan yarinya a bayan taubashina. Can ya ce, "Baba, ni ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kawu ya cika washegari da hantsi, gari na ta shirin wasan ƙarshe.

Akwatin azurfar yana wurina. Na miƙa wa taubashina, ya ce ba zai sayar ba, ba kuma zai iya buɗewa ba, in riƙe wa yarinyar sai ta yi hankali ta zaɓa da kanta. Ni dai na iya raba mai mashi da mai takobi, daga nan ilimina ya ƙare.

Mun raka gawar gida, aka binne shi a Wusasa kusa da iyayensa. Da aka dawo daga maƙabarta muna zaune a tsakar gida, mahaifiyata ta dubi taubashina ta ce akwai abin da take so ya sani. Ta ce wata Kirsimeti, Kawu ya riga ya zama saurayi har gemu ya fara fito masa, kakanmu ya ba shi wuƙa da zakara ya ce ya yanka. Kawu ya zagaya bayan gida, aka yi ta jira. Ashe ya cusa zakaran cikin riga ya gudu da shi kan duwatsu, bai dawo ba sai da yunwa ta koro shi. Ya ce zakaran ya kalle shi. Kakanmu ya zane shi da bulala a gaban ƙannensa, ya tsaya ya shanye, amma bai faɗi inda ya saki zakaran ba. Shekarar nan da wake aka yi Kirsimeti.

Taubashina ya ce, "Gwaggo, babana kike nufi?"

Ta ce, "Shi fa."

Ya ce, "Ni ban taɓa ganin wannan mutumin ba."

Ta ce, "Mu ma tun da muka raka shi tashar jirgin Zariya da akwatin kwano ba mu sake ganinsa ba. Amma shi na binne yau."

Ubangiji da ya san wanda ya tafi, ya kuma san wanda ya dawo, ya yi wa Kawu jinƙai, ya warkar da waɗanda ya ji wa ciwo, ya ba shi hutun da bai samu ba a nan.